Guba Mai Jinkiri da Haƙƙin Wanda Ba Ka Sani Ba

Mutanen ƙasar Aliero da Jega da Maiyama manoma ne tun kaka da kakanni. Da damina a yi gero da dawa da wake, ruwa na ɗaukewa a gangara fadama a dasa albasa, wadda ta kai sunan Aliero har Ikko da ƙasashen maƙwabta. Duk wanda ya ga yadda manyan motoci su ke lodi a kasuwar Aliero ya san abin da mutumin Sabiyal ya shuka ba a Sabiyal kaɗai za a ci shi ba. Zai shiga tukunyar wata mata a Ibadan, ko ta wata mai tuwo-tuwo a Fatakwal, mutanen da manomin bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gan su ba har ya koma ga Mahaliccinsa. To, a kan waɗannan mutane mu ke so mu yi magana, su da wani abu da ya shigo cikin aikin noma a zamanin iyayenmu, watau maganin ƙwari na kwalba da na gwangwani. Abin tambaya shi ne, in mutum ya yi sakaci da wannan magani, cutarsa ta faɗa kan wanda bai sani ba, kuma ba ta bayyana ba sai bayan shekara goma ko ashirin, shin akwai haƙƙi a wuyansa, ko kuwa babu?

Ba a yin shari'a sai an san abin da a ke shari'a a kansa, sabo da haka bari mu ɗauki magani guda mu bi labarinsa.

Dattawa da yawa sun san Gammalin 20, wanda bakinmu ya mayar gamalin. Wani kamfanin Ingila mai suna ICI ne ya riƙa yinsa, aka kawo shi Afirka ta Yamma a shekarun 1950 domin feshin koko a Gana da Yammacin Nijeriya, inda wani ƙwaro ya ke tsotse rassan itacen su bushe. Ashirin ɗin nan ta jikin sunan tana nufin kashi 20 cikin 100 na ruwan da ke cikin gwangwanin tsantsar guba ce, wadda masana su ke kira lindan. A jikin waɗansu gwangwanaye a kan rubuta ta da haruffa uku, BHC ko HCH. Ba tsiro ba ce, ba kuwa haƙo ta a ke yi ba. A masana'anta a ke haɗa ta, daga wani ruwa mai saurin kama wuta da a ke kira benzin, da wata iska mai shaƙe numfashi da a ke kira kulorin. A shekarar 1942 aka gane tana kashe ƙwari, duniya kuwa ta yi murna da ita, gama ga araha, ga ƙarfi, kuma in an fesa ta kan daɗe ƙarfinta bai tafi ba.

Wannan daɗewar da aka yaba ita ce daga baya ta zama abin kuka. Lindan ba ta ruɓewa da wuri kamar ganye ko taki. Ta kan zauna cikin ƙasa, ruwa ya wanke ta zuwa gulbi, ta shiga jikin kifi da dabba ta maƙale a kitse. An auna an same ta cikin madarar shanu, har cikin nonon da uwa ta ke ba jaririnta.

Cutarta iri biyu ce. Akwai mai gaggawa, wadda kowa ya yarda da ita domin ido ya gani: jiri, da amai, da ciwon kai, da makyarkyata, sa'an nan mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, in abin ya yi yawa rai ya yi halinsa. A shekarar 2008 'yan mata fiye da 100 na makarantar sakandaren gwamnati da ke Doma a Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake. Da hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta auna waken, sai ta same shi da lindan fiye da kima. A wannan shekara hukumar ta haramta magungunan gona iri 30, gamalin na cikinsu. A shekarar 2009 kuma ƙasashen duniya su ka taru a birnin Janeba su ka sa lindan cikin jerin gubobin da za a daina yi, a daina fesawa a gona.

Ta biyun ita ce mai jinkiri. A shekarar 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta tara masana 26 daga ƙasashe 13, su ka duba abin da aka gano, su ka tabbatar lindan tana kawo wa ɗan Adam ciwon daji, irin wanda ya kan kama ƙululun nan na wuya da hammata da matsematsi da kan kumbura mu ce kaluluwa. Binciken da aka yi a kan manoman Amurka da Kanada ya nuna waɗanda su ka yi aiki da ita sun fi sauran mutane kamuwa da wannan ciwo da kusan kashi 60 cikin 100. Watau inda da mutum 10 za su kamu, sai a sami wajen 16. Ka lura, ya kai mai karatu, ba a ce duk wanda ya taɓa ta zai kamu ba. Kuma ba mai iya nuna mutum shidan nan da su ka ƙaru ya ce ga su. Sun ɓace cikin jama'a, ko wanne ya yi jinyarsa a ɗakinsa, danginsa su ka sayar da awaki da gona, aka yi ta cewa sammu ne ko iska.

A nan wahalar maganar ta ke. Hankalinmu ya saba da ɓarnar da a ke gani. Shanun wane sun shiga gonar wane, an bi sawu, an je gaban mai gari, an ƙiyasta dammunan da aka ci, an biya. Akwai mai ƙara, akwai wanda a ke ƙara, akwai shaidu. Amma ɓarnar da ba ta da sawu fa? Wanda ya zuba wa wake guba a Jega cikin watan azumi ya manta da zancen kafin babbar salla. Wanda ya ci waken a wani gari bai ji ɗaci ba, bai yi amai ba, ya gode wa Allah ya wanke hannu. Ba ranar da za su haɗu gaban alƙali. Wannan ya sa zuciya ta kan raya wa mutum cewa tun da ba mai ƙara, ba laifi.

Amma mu ɗauki misali da rijiya. Wani ya haƙa rami a tsakiyar hanyar da jama'a ke bi, bai sami ruwa ba, ya rufe bakin da kara da ciyawa, ya yi ƙaura zuwa wani gari. Bayan shekara biyu wani baƙo ya biyo da dare ya rufta ya karye. Mai ramin bai san baƙon ba, bai yi nufinsa da sharri ba, ba ya ma garin. Duk da haka ko yaro ka tambaya zai ce maka laifin na mai rami ne, malaman fiƙihu kuwa tun da daɗewa sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar mutane. Shekara biyun da su ka wuce ba su cike ramin ba, rashin sanin sunan baƙon bai ɗora ƙafarsa ba. Buhun waken da aka yi wa wanka da guba aka kai kasuwa rami ne da aka rufe da kara, bambancinsu kawai shi ne wannan ramin mota ce ke ɗaukarsa ta kai shi hanyar da ba ka sani ba.

Akwai kuwa wata alama da ke tona asirin zuciya. In ka ga mai ajiye wake ya ware buhu biyu ya ce waɗannan na gida ne, kada a sa musu magani, sauran na kasuwa kuwa ya sa an yayyafa musu, to, wannan mutum ba ya bukatar malami ya yi masa wa'azi a kan illar abin. Ya riga ya sani. Ya auna ran 'ya'yansa da mudu guda, ya auna ran 'ya'yan wani da wani mudu dabam. Mu kuwa mun san sunan da a ke kiran mai mudu biyu a kasuwa.

Haka zancen ya ke ga ruwa. An daɗe ana kuka da masu zuba gamalin a gulbi domin kifi ya taso su kwashe, abin da doka ta hana. Kakanninmu ma sun san magimfa, amma ganye ce, rana da ruwa su kan karya ƙarfinta cikin 'yan kwanaki. Gamalin kuwa ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, har ƙwan kifin ya kan halaka. Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega ba a Jega ya tsaya ba, ya gangara ya haɗu da Gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara. Abin da aka zuba a nan, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a can ƙasa ne zai sha. Mutanen Argungu da su ke hana su a Matan Fada har sai lokacin bikinsu ya zo sun fahimci cewa ruwa amana ce ta mutane da yawa, har da waɗanda ba a haifa ba.

Kada wani ya ce ai an hana gamalin, magana ta ƙare. Da ya tafi, wani ya hau kujerarsa, shi ne wanda a ke rubuta wa haruffa huɗu, DDVP, a ke sayarwa da sunaye iri iri kamar Sniper, kuma da shi a kan haɗa fiya-fiya. Gaskiya ita ce wannan ba ya daɗewa a ƙasa kamar lindan, hukumar Liyon kuwa ba ta tabbatar yana kawo ciwon daji ba, ta dai sa shi cikin waɗanda a ke zargi. Amma wajen kisa na gaggawa ba shi da wasa ko kaɗan, shi ya sa a shekarar 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai su ka rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya, domin sun yi ta aunawa suna samun DDVP a cikinsa, wani lokaci har ninki ɗaruruwa bisa abin da dokarsu ta yarda. A 2016 su ka ƙara wa hanin shekara uku. Manomin kirki da bai taɓa zuba kome ba, shi ma hanin ya shafe shi. Abin da ya fi wannan ciwo kuwa, Bature yana da ɗakin awo, ya auna ya ce ba ya so. Matar da ta zo kasuwar Jega da kuɗin mudu ɗaya ba ta da abin awo sai idonta, idon kuwa ya kan zaɓi waken da ya fi kyau, wanda ba huda ko ɗaya a jikinsa.

To, sai mu saurari mai wake, gama shi ma yana da bakin magana. Zai ce, "Ku masu rubutu ba ku san ƙwaron wake ba. Tun daga gona ya ke biyo shi, in ka ajiye buhu wata uku ko huɗu ka buɗe sai ka tarar da gari. Kuɗin da na sayi waken nan bashi ne. In ya lalace wa zai ciyar mini da iyali?" Wannan magana gaskiya ce, wanda ya raina ta bai taɓa buɗe rumbu ya ga wahalar shekara ta zama ƙura ba. Yawancin masu yin haka ba mugaye ba ne, tsoron hasara ne ya kore su. Sai dai larura tana zama uzuri ne in ba wata ƙofa. Ga shi kuwa akwai. Ƙwaro mai rai ne, numfashi ya ke yi, in ka hana shi iska zai mutu ba tare da ɗigon magani ba. A kan wannan hikima masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, su ka fito da buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, aka fara baza shi a Afirka ta Yamma daga shekarar 2007. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iskar, a ɗaure ko wace leda dabam da ƙarfi, a ɗora bisa katako inda ɓera ba zai huda ba. Duro mai murfi ko jarka mai tsabta da aka cika fal aka toshe, su ma aikin da su ke yi ke nan. Iyayenmu mata kuwa da toka da yashi su ke adana irin shuka. Lalle buhun ya fi 'yar kwalba tsada, ko da shi ke in an kula da shi ya kan yi shekara fiye da ɗaya. Bambancin kuɗin nan shi ne ainihin abin da a ke sayar da lafiyar baƙo a kansa, in ka lissafa shi bisa ko wane mudu sai ka ji kunya.

Wani kuma zai ce kome ƙaddara ce, wanda kwanansa bai ƙare ba ko gamalin ya sha zai tashi. Ba mu ja da ƙaddara. Amma mai wannan magana ya kan kulle shagonsa da dare, ran da ɗansa ya faɗo daga itace kuwa ba ya zama ya ce ƙaddara za ta haɗa ƙashin, ɗaukarsa ya ke yi a guje zuwa wurin masu ɗori na Aliero. In ma mutum ya ga dama ya yi ganganci da ransa ya kira abin tawakkali, ran wani ba nasa ba ne da zai yi tawakkali da shi.

Gardamar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa hannuwa sun yi yawa a cikin abin. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Masana'antun da su ka yi lindan sun bar tulin dattin guba, gama ko wane tan ɗaya da aka fitar ya kan bar tan 6 zuwa 10 na ragowar da ba ta da amfani, aka jibge a ƙasa. Akwai magungunan da aka hana fesawa a Turai, amma aka ci gaba da yinsu can ana aiko wa ƙasashenmu. Ga mai shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya, ga mai tebur da ke ɗura magani cikin kwalbar lemo ba suna ba takarda, ga ma'aikacin da aka ɗora wa tsaro ya kau da kai. Ko wannensu yana da kasonsa, na waɗansu ya fi na manomi nauyi nesa ba kusa ba. Amma in mutum goma su ka jingina da katanga su ka tura ta faɗa kan yaro, ba wanda zai kuɓuta da cewa turinsa shi kaɗai ba zai kā da ita ba. Za a tambayi ko wanne a kan kafaɗarsa.

Akwai kuma wanda ba baƙo ba ne, yana gabanka, amma an fi mantawa da shi, watau ɗan feshi. Je fadama lokacin albasa ka gani. Saurayi ne ya goya famfo, ƙafa ba takalmi, riga ba hannu, ruwan magani na ɗiga ta bayansa. Ya dama da hannu, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura, an jima ya ɓare goro da wannan hannun. Ba ya sani cewa fata tana shan magani kamar yadda ƙasa ke shan ruwa, balle in ta jiƙe da gumi. Mai gonar da ya ɗauke shi ya biya shi ladan aiki ya ga ya fita haƙƙinsa. Bai fita ba. Ladan na feshi ne, ba kuɗin huhunsa da hantarsa ba ne. Wanda ya iya sayen magani ya iya sayen safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da abin rufe hanci da baki, da sabulu. Ya kamata ya sa a yi feshin da sanyin safiya ko da la'asar, iska na bayan mai feshi, ya kori yara daga wurin, ya ga yaron ya yi wanka kafin ya ci abinci. Tufafin aikin kuma a wanke su dabam, kada a haɗa wa matar gida su da zanen goyo. (Tun da benzin ya shigo zancenmu ɗazu, bari mu faɗa a gurguje: akwai shi cikin fetur, an kuwa tabbatar yana kawo ciwon daji na jini. 'Yan bumburutu masu zuƙo mai da baki, da makanikai masu wanke hannu da fetur, su ji.)

Saura kai, mai karatu, da ka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Jiya in an miƙo maka kwalba sai ka duba launinta ka sunsuna. Yau idonka na iya bin baƙaƙen da ke jikinta, da wannan kuwa uzurinka ya ragu, na maƙwabtanka ma ya rataya a wuyanka, domin wurinka za su kawo. A ƙasan takardar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sau da yawa da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, sa'an nan ruwan ɗorawa, sa'an nan shuɗi, kore shi ne mai dama-dama, ko da shi ke shi ma ba abin sha ba ne. Nemi lambar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace, da awon da za a zuba, da irin shukar da aka yi shi dominta, da yawan kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Yawancin takardun da Turanci su ke, in ya fi ƙarfinka kai wa malamin gona, ba abin kunya ba ne. Kwalbar da ba takarda a jikinta kada ka yarda ka ba da fatawa a kanta.

Wata rana dattijon da ya girmi mahaifinka zai ce maka, "Yaro, duba mini nan, murfi nawa zan zuba wa buhu?" Ka duba ka ga na feshin gona ne, ba a yi shi domin abinci ba. Ka san in ka faɗa zai ce ka fara iyayi daga koyon abacada. Sai ka rusuna ka ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, masu maganin da kansu sun rubuta kada a sa shi a abin da za a ci." Mai yiwuwa ya ji, mai yiwuwa ya fizge kwalbarsa ya tafi. In ya tafi, ka samu ɗansa ka nuna masa yadda a ke ɗaure buhu mai riɓi uku.

In kwalba ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfon feshi, a huda gindinta kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa ko kunun yara. Wadda ba ta ƙare ba a kulle ta nesa da ɗakin kwana da wurin girki. In kuwa tsautsayi ya sa magani ya zube wa mutum, ko ya sha, a fitar da shi sarari, a tuɓe masa rigar, a wanke jikin da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a sa masa yatsa ya yi amai, domin abin na iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A yi maza a kai shi asibiti mafi kusa, ko na Aliero ko na Jega, a tafi da kwalbar a hannu domin likita ya karanta sunan gubar ya san maganin da zai ba shi.